DALLA-DALLA: Yadda za a koya wa 'yan firamare rubutu, kowane yaro daidai da matakinsa

A makarantun firamare da yawa, darasin rubutu siga ɗaya yake ɗauka: malami ya cika allo da bayani, yara su sunkuyar da kai su kwafa, a tattara littattafai a sa hannu da jan biro. Wanda ya leƙo ta taga zai ga aji ya yi tsit, kowa na aiki. Amma da za a goge allon a ce kowane yaro ya rubuta abin da ya karya kumallo da shi, nan take za a ga cewa ba a taru an zama ɗaya ba. Wani zai cika rabin shafi, wani zai haɗa kalmomi uku da ƙyar, wani kuwa zai riƙe fensir yana kallon takarda, domin abin da ya saba shi ne zana siffar haruffa kamar mai zana hoto, ba tare da ya san sautin da suke ɗauke da shi ba.

Wannan tazara da kwafe ke ɓoyewa tana bayyana a alƙaluma. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ne kaɗai ke da ƙwarewar karatu ta matakin tushe. Rubutu kuwa ya fi karatu nauyi, domin mai karatu yana gane abin da aka ajiye a gabansa ne, shi kuwa mai rubutu sai ya samar da shi da kansa. Yaron da ya bar firamare bai iya rubuta jimla ba zai shiga ƙaramar sakandare, inda kowace jarrabawa da rubutu ake amsa ta, ko da ta kimiyya ce ko ta addini.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana ilimi suka daɗe suna nazari a kai don cike wannan giɓi ita ce bambanta koyarwa gwargwadon matakin ɗalibi.

Me ake nufi da bambanta koyarwa?

Ma'anarta a taƙaice ita ce aji ya nufi manufa ɗaya, amma kowane yaro ya tashi daga inda yake. Sunan da aka fi dangantawa da wannan tsari shi ne na Carol Ann Tomlinson, tsohuwar malamar jami'ar Virginia a Amurka, wadda ta daɗe tana koyarwa a aji kafin ta koma jami'a. Ta bayyana cewa malami na iya sauya abubuwa uku: abin da ake koyarwa, hanyar da yaro zai bi ya koya, da kuma abin da zai gabatar don nuna ya iya. Ana yin sauyin ne bisa la'akari da shirin yaro da kuma abin da ke jan hankalinsa.

Tushen tunanin ya girmi haka. Masanin halayyar ɗan Adam na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa akwai abin da yaro zai iya yi shi kaɗai, akwai wanda ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, sannan a tsakani akwai wanda zai iya idan an ɗan tallafa masa. A wannan tsakanin ne koyo ke faruwa. Idan aiki ya yi wa yaro sauƙi ƙwarai, zai gaji ya koma surutu. Idan ya fi ƙarfinsa, zai fid da rai ya koma kwafa daga maƙwabcinsa. Darasi guda da aka yanka wa kowa daidai wa daida yakan dace da 'yan tsirarun da ke tsakiya ne, ya bar na gaba da na baya.

Me ya sa rubutu ya fi buƙatar haka?

Domin rubutu ayyuka ne da dama da ake yi a lokaci guda. Akwai aikin hannu: riƙon fensir, siffanta harafi, bin layi, barin fili tsakanin kalmomi. Akwai aikin kunne da ido: yaro ya ji sautin kalma, ya tsinka ta gaɓa-gaɓa, ya tuna baƙi da wasalin da ke wakiltar kowane sauti. Sannan akwai aikin tunani: me zai faɗa, da me zai fara, yaya zai ƙulla wannan jimla da waccan.

Masu bincike a kan rubutun yara, irin su Virginia Berninger da Steve Graham a Amurka, sun nuna cewa waɗannan ayyuka suna rububin wuri ɗaya ne a ƙwaƙwalwa. Yaron da har yanzu yake kokawa da yadda ake zana "g" ko "k", kafin ya gama kalmar farko ya manta abin da ya yi niyyar faɗa. Shi ya sa ake samun yarinyar da za ta kwashe minti goma tana ba da tatsuniya da baki, babu tuntuɓe, amma a takarda ta kasa wuce layi biyu. Matsalarta a hannu take da ƙa'idar haruffa. Wani yaron kuma rubutunsa tsaf kamar na ɗab'i, amma idan aka ce ya ƙirƙiri nasa sai ya tsaya cik, saboda bai taɓa yin komai ba sai kwafa. Waɗannan yara biyu maki ɗaya za su iya samu a insha'i, alhali maganin da kowannensu ke buƙata daban ne.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Ga Bahaushe, wannan tsari ba baƙo ba ne. A makarantar allo yara kan zauna wuri ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani ya kai zube. Malam yakan biya wa kowa nasa, kuma ba a wanke allo a yi sabon rubutu sai wanda ke kai ya zauna. Manyan almajirai su ke rubuta wa ƙanana, su kuma saurari biyawarsu. Ba shekarun yaro ke ciyar da shi gaba ba, iyawarsa ce.

Makarantar boko ta zo da tsarin aji na shekara-shekara da manhajar da dole a kammala a ƙarshen zango, ko yaro ya gane ko bai gane ba. Abin da masu bambanta koyarwa ke nema shi ne a dawo da wancan hankali na duba allon kowa cikin ajin boko. Akwai dai bambanci guda da ya kamata a kiyaye: rubutun allo na kwafa ne da kiyaye nassi yadda yake, shi kuwa darasin rubutu a firamare burinsa yaro ya kai ga zuba tunaninsa da kalmominsa.

Gano matakin yaro

Mataki na farko shi ne gwaji, kuma ba ya buƙatar kuɗi. A makon farko na zango, malami zai iya ba da ayyuka uku cikin darasi ɗaya: kowa ya rubuta sunansa, a yi shiftar kalmomi biyar daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamar "rana", "makaranta" da "ƙwarya", sannan kowa ya rubuta abin da ya ga dama a kan wani abu da ya sani, kamar ranar kasuwa. Ba maki ake nema ba. Malami zai rarraba takardun ne gida-gida, kuma galibi gida huɗu za su fito.

Na farko su ne waɗanda ba su gama sanin haruffa da sautinsu ba. Na biyu sun san haruffa, suna iya haɗa gaɓoɓi su fitar da kalma, amma ba su kai ga jimla ba. Na uku suna rubuta jimla ɗaya ko biyu masu ma'ana, sai dai babu aya, babu babban baƙi a farko, kalmomi kuma a cakuɗe. Na huɗu suna iya jera jimloli su zama sakin layi, abin da ya rage musu shi ne tsari da faɗaɗa bayani.

Wannan gwaji ne ke fito da yaran da ke da buƙata ta musamman. Yaron da ke matse ido yana kallon allo wataƙila gani ne matsalarsa, kuma matso da shi gaba zai iya sauya komai. Bahagon yaro yana buƙatar a zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, a kuma karkata masa takarda, maimakon a tilasta masa komawa dama da bulala. Yaron da ya fara da makarantar allo ya riga ya iya riƙe alƙalami, amma hannunsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, don haka sai an nuna masa inda layin boko ke farawa.

Darasi ɗaya, aiki huɗu

Kuskuren da ake yawan yi shi ne zaton cewa sai malami ya shirya darussa huɗu daban-daban. Batu ɗaya ya isa. A ɗauki misalin aji uku da za su yi rubutu a kan "Ranar Sallah".

Minti goma na farko na kowa da kowa ne. Malami zai ja yara da hira: wa ya je idi, me aka dafa, wa ya ga hawan sarki. Yana yi yana rubuta muhimman kalmomi a gefen allo: rago, idi, doki, lalle, tuwo, sabon kaya. Daga nan sai ya rubuta jimla ɗaya a gabansu yana faɗin abin da yake yi a fili, cewa ga babban baƙi domin farkon jimla ne, ga fili domin kalma ta ƙare, ga aya domin magana ta cika.

Sai a rabu. Rukunin farko za su zana abin da suka gani ranar Sallah, su rubuta harafin farko na sunansa a ƙasa, ko su haɗa katunan gaɓoɓi da aka yanka daga kwali: "ra" da "go", "do" da "ki". Idan takarda ta yi ƙaranci, yashin tsakar makaranta da tsinke sun isa wajen koyon siffar harafi. Rukuni na biyu za a ba su farkon jimla su ƙarasa: "Ranar Sallah na ci…", "Na ga…", "Mun je…". Rukuni na uku za su rubuta jimloli uku nasu na kansu, da taimakon kalmomin jeri kamar "da farko", "sannan", "daga ƙarshe". Rukuni na huɗu kuwa za su rubuta wa wani ɗan'uwa da ke wani gari wasiƙa suna ba shi labarin Sallar bana, su kuma musanya littattafai kowa ya karanta na abokinsa ya yi masa tambaya guda.

A minti biyar na ƙarshe aji zai sake haɗuwa, a saurari aiki ɗaya daga kowane rukuni. Wanda ya haɗa "rago" da kansa karo na farko ya cancanci tafi kamar wanda ya rubuta wasiƙa.

Tallafin da aka bai wa kowane rukuni na ɗan lokaci ne, kamar dangwarar da ake tokare reshe da ita har ya yi ƙarfi. Wanda ya saba ƙarasa jimlar da aka fara masa, bayan 'yan makonni sai a janye farkon jimlar a bar masa kalmomin allo kawai, daga baya su ma a goge.

Jan biro da gyara

A wajen gyara ne ake karya wa yara da yawa gwiwa. Yaron da ya yi ƙoƙari ya rubuta layi biyar, aka dawo masa da littafi ja-ja-wur, abin da ya koya shi ne gobe ya rubuta layi ɗaya don kuskure ya ragu. Donald Graves, wanda bincikensa a kan rubutun yara ya yi tasiri a shekarun 1980, ya ƙarfafa ganawa ta ɗan gajeren lokaci tsakanin malami da ɗalibi, inda malami zai fara da sauraron abin da yaron ke son faɗa.

A aikace, ƙa'idar ita ce yabo ɗaya da gyara ɗaya, kuma gyaran ya dace da matakin yaro. Ɗan rukuni na biyu a nuna masa fili tsakanin kalmomi, a ƙyale waƙafi tukuna. Ɗan rukuni na huɗu a tambaye shi abin da ya faru bayan sun dawo daga idi, domin ya ƙara bayani.

Inda rubutun Hausa ke ba yara wuya

Hausa tana da sauƙi ta fuska ɗaya: mafi yawan gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, kuma harafi ba ya yawan sauya sauti kamar na Ingilishi. Yaron da ya kama gaɓoɓi zai iya rubuta kalmomi masu yawa cikin ɗan lokaci. Amma akwai wuraren tuntuɓe da malami ya kamata ya san wanda ya dace da kowane mataki.

Masu farawa kan rikita "b" da "d", kuma Hausa ta ƙara musu "ɓ" da "ɗ". Lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi", ta raba "kafa" da "ƙafa", ta raba "bari" da "ɓari". Na gaba da su kan yi tuntuɓe a tagwayen baƙaƙe irin su "sh", "ts", "gw", "ky" da "ƙw", da kuma baƙin da ake ninkawa, kamar bambancin "kuna" da "kunna". Waɗanda suka kai jimla kuwa babbar matsalarsu haɗewa da rabewa ce: "yana" ne ko "ya na", "suka" ne ko "su ka". Wannan ko manya na fama da shi a Facebook da WhatsApp, don haka bai kamata a ɗora wa yaron da bai gama sanin haruffa ba nauyinsa.

Akwai kuma karin harshe. Yaron Sakkwato ko Katsina da ya rubuta kalma yadda ake furta ta a gidansu ya nuna cewa kunnensa da hannunsa suna aiki tare, wanda shi ne ginshiƙin rubutu. Daidaitacciyar Hausa sai a koya masa ita a hankali. Haka nan a aji guda ana iya samun yaran da Fulatanci ko Barbarci ko wani harshe ne na gidansu, waɗanda ke buƙatar ƙarin hira da kalmomi kafin a sa su rubutu. Lamarin yakan ƙara tsananta idan aka koma rubutu da Ingilishi, inda yaro ke fama da sabon harshe da sabuwar ƙa'idar haruffa a lokaci guda.

Zai yiwu a aji mai cunkoso?

Wannan ce tambayar da kowane malamin makarantar gwamnati zai fara yi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a birane irin su Kano ana samun ajin da ya haura 100. Idan darasi minti 40 ne, yara kuma 80, rabon kowane yaro daƙiƙa 30 ne.

Sai dai shaidar da ta fi ƙarfi a kan koyarwa bisa mataki daga ƙasashe masu irin wannan cunkoso ta fito. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɓullo da tsarin da aka fi sani da TaRL, inda ake ware wani lokaci a rarraba yara bisa abin da suka iya, daga wanda bai san harafi ba zuwa mai karanta labari, ba tare da duba ajinsu ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin shekara da shekaru, suka kuma ga yana ɗaga karatun yara. A yammacin Kenya, wani bincike da Duflo da Kremer da Pascaline Dupas suka yi a makarantu 121 ya gano cewa raba 'yan aji ɗaya bisa matakinsu ya amfani na gaba da na baya baki ɗaya.

A Najeriya an gwada TaRL a jihar Borno, sannan a Kano an ƙaddamar da shirin KaLMA a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, domin 'yan aji huɗu zuwa shida. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, irin su RANA a Katsina da Zamfara da "Mu Karanta!" a Bauchi da Sakkwato, sun samar da littattafai da horon malamai a kan haruffa da gaɓoɓi. Ma'aunin nasarar waɗannan shirye-shirye ya fi karkata ga karatu da lissafi, amma dabarar gwaji da rarraba rukuni tana aiki a darasin rubutu.

A aji mai yara 80, malami ba zai duba kowa kullum ba. Idan ya zauna da yara takwas a kowace rana, cikin mako biyu ya zagaye ajin. Sauran rukunoni za su yi aikin da suka riga suka san tsarinsa, ƙarƙashin jagoran rukuni, kamar yadda gardi ke kula da ƙanana a tsangaya.

Inda ake kuskure

Haɗari mafi girma shi ne rukuni ya zama tambari. Da zarar yara sun fahimci cewa akwai bencin masu ƙoƙari da bencin daƙiƙai, tsarin ya koma cuta. Don haka rukunoni su ɗauki sunaye marasa daraja ko ƙasƙanci, kamar na launi ko na itatuwa, kuma a sake gwaji duk bayan 'yan makonni don wanda ya ci gaba ya matsa. Rukunin da mutanensa ba su sauya ba tun farkon shekara alama ce ta cewa wani abu bai tafi daidai ba.

Kuskure na biyu shi ne barin na baya a kan kwafa da bin ɗigo har abada, da sunan sauƙaƙa musu. Ko yaron da harafi biyar ya sani yana da abin faɗa. Zai iya faɗa da baki a rubuta masa, ya kwafi jimlar da ta fito daga bakinsa. Na uku shi ne hukunta masu sauri da ƙarin aiki iri ɗaya. Wanda ya gama da wuri aikin da ya fi zurfi yake buƙata. Na huɗu shi ne rarraba yara da sunan wai wannan da ido yake koyo, wancan da kunne. Wani babban nazari da aka wallafa a 2008 bai samu gamsasshiyar hujjar da ke goyon bayan koyarwa bisa wannan rabo ba. Abin dogaro shi ne abin da yaro ya nuna a takarda.

Abin da ya rage ga hukuma da iyaye

Malami shi kaɗai ba zai iya ba. Muddin jami'an sa ido na hukumomin ilimin bai-ɗaya suna auna malami da yawan shafukan manhaja da ya cinye da yawan bayanin da ke littafin yara, kwafa ce za ta ci gaba da mulki. Wani jagoran koyarwa da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar a 2012 ya ba da shawarar a ware wa rubutu awa ɗaya a kowace rana tun daga aji ɗaya, rabi na koyarwa rabi na gwadawa. Ko rabin wannan lokaci aka tabbatar a jadawalin makarantun gwamnati, tare da littafin rubutu da fensir ga kowane yaro, an yi nisa. Kwalejojin ilimi da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su ma suna da rawar takawa wajen koya wa malamai yadda ake duba rubutun yaro a gane matakinsa.

Iyaye kuma suna da gwajin da ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. Littafin da ya cika da kyakkyawan rubutu ba ya nuna yaro ya iya, domin mai yiwuwa duk daga allo ya kwaso. A rufe littafin, a miƙa masa takarda a ce ya rubuta cefanen yau, ko saƙon da za a kai wa kakarsa. Abin da ya fito a takardar shi ne matakinsa na gaskiya, kuma shi ya kamata uba ko uwa su riƙe a hannu idan za su je ganin malamin ajinsa.